Zumunta a Ƙafa Ta Ke

Ya ku 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi tare da iyalina, domin na san a cikinku akwai waɗanda neman ilmi ko neman abinci zai kai su wata ƙasa, su yi aure can, su haihu can. In ranar ta zo, watakila ku tuna da abin da ya same ni, ku yi abin da ya fi nawa.

Ni mutumin Kano ne, cikin birni aka haife ni, ba nisa da Kasuwar Kurmi. A shekarar 2012 ƙanen mahaifina, wanda ya daɗe yana cinikin riguna da huluna a Kumasi ta ƙasar Gana, ya aiko in je in taya shi. Na tafi da nufin in yi shekara biyu in komo. Amma kana taka, Allah na tasa. Ciniki ya karɓe ni, na auri wata yarinya 'yar zango wadda kakanninta Katsinawa ne, Allah kuwa ya ba mu 'ya'ya uku: namiji, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ɗan fari ne, da mace mai bi masa, sa'an nan 'yar auta.

Kada ku zaci Bahaushe baƙon ido ne a wannan ƙasa. Tun zamanin da, fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu na jagorancinsu, da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su shafe watanni a hanya kafin su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, inda su ke sayen goron da a ke kawowa daga kurmin Asante. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka watse, waɗansu suka nufi Kintampo, waɗansu Kete Karachi, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu a 1934. Daga baya da yawa suka yi gida a Kumasi da Ankara. Wurin da ayari ke sauka shi a ke kira zango, to, shi ya sa har wa yau unguwannin baƙi a ƙasar Gana sunansu Zango. In ka fita da safe za ka sami koko da ƙosai a bakin hanya, da rana shinkafa da wake, da dare tuwon zafi, kuma waɗanda ba Hausawa ba ma da sunayen nan su ke kiransu, sai dai harshe ya ɗan karkatar da su.

Wannan ne ya ruɗe ni. Ina ganin tun da 'ya'yana na jin Hausa, suna cin tuwo, suna zuwa makarantar allo, ai babu abin da ya ɓace. Ashe Hausar zango ta kama hanyarta dabam. Mutanen can ba su rarrabe mace da namiji a magana, sai ka ji yaro ya ce, "Mamana ya tafi kasuwa." Haruffan nan uku kuma masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun sulale daga bakin yawancinsu, ɗaki ya zama daki, ƙofa ta zama kofa. Ni kuwa na fita tun da asuba zuwa kasuwar Kejetiya, ba na komowa sai yara sun yi barci. Kunnena ya saba, har na daina jin bambancin.

Ɗan farina sau ɗaya aka taɓa kai shi Kano, yana goye. Kowace shekara sai in ce baɗi za mu je, in kuɗi sun taru. Ana nan sai Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Gana kuma ta rufe nata a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba ta buɗe hanyar mota ba sai Maris na 2022. Cikin wannan tsakani aka haifi auta. Jirgin sama kuwa, kuɗin mutum biyar ya fi ƙarfin aljihuna. Sai dai waya. Kowace Jumma'a in kira mahaifiyata, in miƙa wa yara su gaishe ta, su ce "lafiya lau" su ruga wasa. Ran nan Inna ta ce mini, "Ɗan nan, ina jin muryarsu, na gode Allah. Amma murya ba a goya ta. Ga shi kuwa idona ya fara hazo. In za ka kawo su, kawo su tun ina iya rarrabe fuska." Daren nan ban runtsa ba.

Da aka ba da hutun makaranta a Disamba na 2022, sai muka ɗaura kaya. Uwargida ta soya nama da cincin don guzuri, ni kuma na sayi huhun goro ƙarami, fari da ja, da turmin atamfa biyu, da man kaɗanya, don tsaraba. Muka bar Kumasi da dare, muka yi wajen kilomita 250 zuwa Ankara. Daga nan muka miƙa gabas, muka ƙetare kogin Bolta a gadar Sogakofe, muka isa Aflawo, inda Gana ta ƙare. Kana fita ƙofar iyaka sai ga ka cikin Lome, babban birnin Togo, teku na hannun damanka. Bisa ga yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ba ya bukatar biza in zamansa bai wuce kwana 90 ba. Amma fa wannan bai hana a sauke ku a kowace iyaka a duba takardu ba, iyakokin kuwa uku ne tsakanin Ankara da Ikko.

Wanda bai yi tafiya da ƙananan yara ba, bai san tafiya ba. Wannan na jin ƙishirwa, wannan na jin fitsari, auta kuwa ta yi amai sau biyu a jikin uwarta. A wata iyaka aka nemi katin allurar shawara na kowa da kowa. Na fito da huɗu, na biyar ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Laifina ne, don ni na cusa na auta cikin akwati, akwatin kuwa yana can ƙarƙashin kayan mutane. Sai da aka sauke rabin kayan motar cikin rana, fasinjoji na ta harara, ni kuwa ina ta ba da haƙuri. Tun daga ran nan na koyi sa takardun tafiya duka cikin jaka ɗaya, in rataya ta a wuya.

Duk da haka yaran sun ga abin da littafi bai nuna musu ba. Cikin yini ɗaya suka riƙe kuɗi iri uku, sidi da sefa da naira. Gaɓar tekun Togo ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, har ɗana ya tambaye ni ko ƙasa ce ko unguwa. Da muka shiga ƙasar Binin aka ce kowa ya ƙara awa ɗaya a agogonsa, domin Gana da Togo lokacinsu ɗaya, Binin da Nijeriya kuwa suna gaba da su da awa guda. 'Yata ta ce, "Baba, wa ya ɗauke awar?" Na ce mata ajiya muka ba da, in mun komo za a mayar mana. Muka wuce Kwatano, muka shiga Nijeriya ta Seme, muka kwana Ikko wurin wani abokin ciniki. Kashegari muka kama hanyar arewa, wajen kilomita dubu. Muka bi ta Badun da Ilori, muka ƙetare Kwara a Jaba. A hankali kurmi ya ja da baya, itatuwan kuka da ɗorawa suka fara bayyana, rumbuna suka tsaya a bayan gidaje, hunturu ya busa har leɓunan yara suka tsage. Ran kwana na huɗu da hantsi muka shiga Kano.

Ba zan iya kwatanta muku saukarmu ba. Inna ta fito tsakar gida tana dogara bango, ta zauna bisa tabarma, aka jera mata jikoki. Ta kama fuskar kowannensu da hannu biyu, ta kawo ta dab da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce wa namijin, "Af, maigida, sai yau ka tuna da matarka? Ina kuɗin cefane na shekara takwas?" Ta ce wa matan, "Ku kuma kishiyoyi, me kuka zo ƙwace mini?" Yaran suka yi tsuru tsuru, don ba su san wasan kaka da jika ba. Babu wanda ya taɓa yi musu shi.

Kashegari da safe abin da na ke gudu ya faru. Ɗana ya durƙusa gaban Inna yadda na koya masa, ya ce, "Kaka, ka kwana lafiya?" 'Ya'yan 'yan'uwana da ke zaune suka dubi juna suna ƙunshe dariya. Can da rana wani maƙwabci ya shigo ya tambayi yaron ko su wane ne, yaro ya ce, "Mu baki ne." Nan fa dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa. Suka bi shi suna kiransa Baki, Baki. Yaro ya shige ɗaki, ya ƙi cin abinci, ya ƙi magana da kowa yini biyu. Da dare na je rarrashinsa, sai ya ce mini, "Baba, yaushe za mu koma gida?"

Jama'a, maganar nan ta soke ni. Ni a zuciyata gida na kawo shi, gidan da aka binne cibiyata, ashe shi a wurinsa baƙunci ya zo. Na rasa wanda zan ga laifinsa. Yaran da suka yi dariya yara ne. Uwarsa yadda ta tashi ta ji ana magana haka ta koya masa. Da na duba sosai sai na ga laifin yana wuyan wanda ya shekara takwas yana cewa baɗi.

Inna ce ta warware matsalar. Bayan sallar lisha ta sa aka tara jikokinta duka, na gida da na Kumasi, ta jawo ɗana ta zaunar da shi a gefenta. Ta ce, "Na ji an ce mijina ya ce shi baki ne, kuna dariya. To, ai gaskiya ya faɗa. Baƙo baki ne, in ya zo abinci a ke ba shi, ba dariya ba." Sa'an nan ta ba su labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ta ce a ƙarshen 1969, tana amarya, gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Wanta, wanda ya yi shekaru yana cinikin goro can, ya iso Kano a bayan babbar mota da mata da 'ya'ya biyar, ba su da kome sai tabarmi da tukwane. 'Ya'yan nan, in ji ta, haka su ke magana kamar ɗana, ita ta yi musu tuwo, ta yi musu wanka. Ta nuna biyu daga cikin masu dariyar ta ce, "Kai da kai, kakanku na cikinsu." Ta ce a 1983 kuma Nijeriya ta kori nata baƙin, mutanen Gana wajen miliyan guda suka koma da kaya a ka. Ta ce, "Duniya juyi juyi ce. Wanda ya yi wa baƙo dariya bai taɓa kwana a tasha ba."

Tsakar gida ta yi tsit. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran gida suka amsa, nawa kuwa suka yi shiru don ba su san amsar ba. Ta koya musu. Tun daga daren nan kullum sai an yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma ta kafa doka, ɗana ne zai riƙa faɗin sunan matar Gizo. Ya yi ta fama, Koki, Koki, har ran nan harafin ya fito daga maƙogwaronsa daidai, gida ya ɗauki shewa. Shi kuma ya koya wa 'yan'uwansa ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen Asante, suka yi ta karya harshe, ya rama dariyarsa. Suka kai shi Dutsen Dala ya hangi birni, suka kai shi marinar Ƙofar Mata ya ga yadda a ke rini da baba. Ran da za mu tashi, bayan kwana goma sha takwas, wanda ke tambayar yaushe za mu koma gida shi ne ya riƙe zanen kakarsa yana kuka.

Inna ta rasu da damina ta 2023. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Da na yi jinkirin shekara ɗaya tak, da 'ya'yana sun tashi ba su san kakarsu ba sai murya cikin waya, da kuma nauyin nan na bisa kaina har in mutu.

Yanzu na sake shiri. Na shiga adashi musamman don kuɗin hanya, ba na taɓa shi ko ciniki ya tsaya, domin kowace shekara biyu mu je. Ina rufe rumfa kafin magariba in ci tuwo tare da yara, in yi musu tatsuniyar da na gada. Ban hana su Hausar zango ba, don ita ce ta uwarsu da abokansu, kuma jikar fataken da suka sha wuyar hanya ce, ba abin kunya ba ce. Na dai ƙara musu ta Kano, su riƙe biyu. Ɗana kuwa in an tambaye shi garinsu, ya kan ce yana da gida biyu, tsakaninsu kwana huɗu.

To, 'yan makaranta, ga abin da na ke roƙonku. In baƙon yaro ya zo makarantarku, harshensa ya bambanta da naku, ku matsa masa wuri a benci, watakila jininku ne ya yi nisa. In kuwa Allah ya kai ku wata ƙasa kuka yi iyali, kada ku ce sai kun tara da yawa za ku kai su gida. Kuɗi su kan jira mutum, tsoho ba ya jira. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Allah ya ba mu ikon sada ta, amin.