Kwanan Asibiti, Yinin Shago

Shekara biyu Yaya ya yi ɗaure da mari kafin mu kai shi asibitin masu taɓin hankali. Da sauƙi ya samu, likita ya ce ya riƙa yini a shagon ɗinkinsa, in magariba ta yi ya koma asibiti ya kwana. Baba ya ce, "Me mutane za su ce?" Sai da ƙyar ya yarda.

Ni nake raka shi kowane yammaci. Dare ne abokin gabarsa, domin a lokacin barci ke ƙaurace masa, muryoyi su taso. A can ma'aikaciyar jinya takan ba shi magani, ta zauna har ya runtsa. Gari na wayewa ya koma kan kekensa.

Daga baya na karanta cewa a 1954 Dakta Lambo ya riƙa kwantar da majinyatansa a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, su yini a asibiti. Nasa tsarin kishiyar namu ne, amma manufa ɗaya: kada ciwo ya raba mutum da jama'arsa.

Ranar da maƙwabcinmu ya kawo wa Yaya ɗinkin rigar Sallah, Baba ya kau da kai ya share hawaye.