Tsakanin "Na San Shi" da "Na Tsaya Masa"

'Yan uwa, akwai kalmomin Turanci da muke sa hannu a ƙarƙashinsu kusan kullum a nan Legas, alhali da yawanmu ba mu tsaya mun tambayi nauyinsu ba. Tunda Allah Ya sa ni ɗan boko ne a unguwa, takardu da yawa suna biyowa ta hannuna: na haya, na neman aikin gadi, na karɓar babur ko Keke a biya da kaɗan-kaɗan. Abin da na lura shi ne, duk kalmar da aka kawo mana, fassara ɗaya muke yi mata: ai shaida ce kawai cewa na san yaron.

Ba haka ba ne. Ɗauki referee da guarantor. Idan za ka buɗe asusun da ake kira current a banki, sukan nemi referee biyu, wato mutanen da za su ce sun san ka, kuma ba su san ka da mugun hali ba. Wannan magana ce ta sani. Shi kuwa guarantor ya wuce sani, ya shiga lamuni. Yana cewa ne idan wannan mutum ya gudu da babur ko ya kasa biya, a zo wurina. A Hausa ma ai muna da bambancin. Dattijo zai ce "na san shi, ɗan gidan wane ne", amma sai ya yi shiru ya yi nazari kafin ya ce "na tsaya masa". To me ya sa idan maganar ta koma Turanci a kan takarda sai mu haɗe su wuri ɗaya?

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce surety, mai tsaya wa wanda za a ba beli. Idan wani ya ɗauka wasa ne, ya tuna da Sanata Ali Ndume. Ya tsaya wa Abdulrasheed Maina a kan naira miliyan 500, Maina ya daina zuwa kotu, a watan Nuwamba 2020 alƙali ya tura sanatan gidan yarin Kuje. Sanata ke nan mai lauyoyi. Ina ga mai sayar da tumatir a Mile 12 wanda aka taso cikin dare aka ce ɗan garinku ne aka kama, zo ka sa hannu? Ban ce kada a taimaki ɗan uwa ba, zaman baƙunci ba ya yiwuwa sai da haka. Amma wanda ka sani a masallaci kawai, ba ka san inda yake kwana ba, ba ka san kowa nasa a gida ba, saninka bai kai na ɗaukar wannan kaya ba.

Kalmar pledge kuma fuska biyu gare ta. Yaranmu suna yin ta kowace safiya a makaranta, alkawarin biyayya ga ƙasa wanda Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976. Ita ce kuma muke ji a taron neman gudummawa, mutum ya miƙe ya yi pledge na dubu ɗari a gaban jama'a, shekara ta zagayo ma'aji yana bin sa (wannan ciwo kowace ƙungiya ta san shi). Amma a takardar bashi, pledge jingina ce. Ka yi pledge na kayan shagonka, ka jinginar da su ke nan.

Sai acknowledge, wadda ta fito daga tushe ɗaya da knowledge, wato sani. Sau da yawa ma'anarta ba ta wuce "takarda ta iso hannuna" ba, kamar idan mai gida ya aiko da sanarwar tashi. Amma idan abin da ke biye da ita adadin kuɗi ne da ake bin ka, ka amsa bashin ke nan da hannunka. Don haka a karanta abin da ya biyo bayanta.

Affidavit rantsuwa ce a rubuce, a gaban jami'in rantsarwa na kotu. Mutumin da ba zai taɓa dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, sai ka ga ya je ya rage shekarunsa a affidavit hankali kwance, don rantsuwar da Turanci take. A doka laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma ni ban ga yadda sauya harshe zai sauke nauyinta a wurin Allah ba.

Ni dai yanzu duk wanda ya kawo mini fom, kafin in taɓa biro sai na tambaye shi da Hausa: shaida za ka bayar, ko biya za ka yi idan ya gudu? Da yawa sukan karɓi takardarsu su ce bari su je su yi shawara tukuna.