Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Dattijo da Sandar Golf

Akwai wani dattijo a Kaduna da ya shafe shekara talatin da biyar yana koyarwa, har ya kai muƙamin shugaban makarantar sakandare. Bayan ya yi ritaya, likita ya shawarce shi da yawan tafiya a ƙasa, sai ya shiga wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. A wannan wasa, ɗan wasa yana bin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa cikin ramin da faɗinsa bai wuce milimita 108 ba. Wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani.

Shekara shida dattijon ya yi yana wasa ba tare da malami ba, kuma a duk tsawon lokacin matsala ɗaya ce ke damunsa. Duk sa'ad da ya yi dogon bugu, ƙwallon takan tashi kamar za ta miƙe, sai ta karkata dama ta faɗa cikin ciyawa. Ya sauya sanduna, ya ƙara ƙarfin bugu, amma karkatar sai ƙaruwa take yi.

Ƙwararren ɗan wasan da ke koyarwa a filin matashi ne wanda ya fara da ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, har ma ya sha ɗaukar ta dattijon. Wannan ne ya sa neman darasi a wurinsa ya yi wa dattijon nauyi, domin wanda ya saba a miƙe tsaye idan ya shigo aji, da wuya ya tsaya a gaban yaron da yake ba wa kuɗin mota ya ce, "Koya mini." Daga bisani dai ya daure ya je.

Matashin ya sa shi ya yi bugu goma yana kallo, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfi kana da shi. Riƙon ne da gyara." Ya bayyana masa cewa abu biyu ne ke karkatar da ƙwallon. Na farko, fuskar sandar tana isa ga ƙwallon a buɗe, tana kallon dama, saboda ya riƙe ta a tafin hannu maimakon a gindin yatsu. Na biyu, yana fara saukar da sanda da kafaɗu, don haka takan yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki, ta sa ta juyawa a iska. Gyaran shi ne nauyin jiki ya koma kan ƙafar hagu, ƙugu ya fara juyawa, sannan kafaɗu da hannuwa su biyo baya. Wannan jeri shi ne wanda shahararren ɗan wasan Amurka Ben Hogan ya jaddada a littafinsa na koyar da bugu da ya fito a 1957.

Fahimtar bayanin ba ta ɗauki dattijon minti goma ba, amma jikinsa ya ƙi amincewa. Sabon riƙon ya zame masa kamar rubutu da hannun hagu. A da yakan kammala ramukan da bugu kusan 100, yanzu ya koma 115. Abokan wasansa suka samu abin ba'a, suna cewa yaro ya lalata wa shugaban makaranta hannu. A mako na bakwai ya sami matashin ya ce, "Ɗana, na gode, amma zan koma yadda na saba."

Matashin bai yi musu ba, sai ya ba shi labarin Nick Faldo, ɗan Ingila. Faldo ya riga ya yi suna lokacin da ya lura cewa bugunsa yana warwarewa idan gasa ta yi zafi. A 1985 ya miƙa kansa ga mai koyarwa David Leadbetter, suka rushe bugun suka sake gina shi. Kimanin shekara biyu ya yi ba ya cin gasa, ana ta sukarsa. A 1987 ya ci babbar gasar Birtaniya a filin Muirfield da ke Sikotilan, inda a zagayen ƙarshe ya buga kowane rami daga cikin 18 daidai da adadin bugun da aka ƙayyade masa. Manyan kofuna shida ya ci a rayuwarsa ta wasa, dukkansu bayan gyaran. Matashin ya ƙara da cewa, "Baba, tsohon bugun ya sake ka, sabon bai gama kama ka ba. A nan ne mafi yawan mutane ke juyawa."

Maganar ta tsaya wa dattijon a rai, domin ta tuna masa da ɗaliban da ya taɓa gyara wa riƙon alƙalami ko hanyar lissafi. Da yawansu aikinsu yakan ƙara muni a makonnin farko, shi kuwa yakan ɗauka sakaci ne, har ya yi musu faɗa. Sai yanzu, da furfura a kansa, ya ɗanɗana abin da suke ji.

Ya ci gaba da zuwa kowace safiya, yana buga ƙwallo 50 da sanda ɗaya, matashin yana gyara masa abu ɗaya tak a kowane darasi. A wata na biyar, wata safiya cikin hunturu, ya yi bugu a ramin farko, ƙwallon ta miƙe ta sauka a tsakiyar fili. Ya daɗe yana kallon inda ta faɗa, sannan ya juya ga matashin ya ce, "Malam, gobe ƙarfe nawa?" Tun daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba.