Daga Kaulaha zuwa bakin teku: farin da ke zuwa da gishiri

Da yawa daga cikinmu sun san Kaulaha, a ƙasar Senegal, ta wajen ziyarar Madina Baye, makwancin Shehu Ibrahim Inyass wanda ya rasu a 1975. Amma kaɗan ne suke tsayawa su dubi kogin Salum da ke gefen garin. Mu dai da muka kammala ziyara, sai muka bi shi har Funjun, muka shiga kwalekwale zuwa inda ya rarrabu rassa-rassa tsakanin tsibirai kafin ya haɗu da tekun Atlantika.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne tulin gishiri fari fat a bakin garin Kaulaha, alhali tsakaninsa da teku ya haura kilomita 100. A al'ada kogi ne ke kai ruwan daɗi cikin teku. A nan lamarin ya juye. Tun farin shekarun 1970 da 1980, wanda iyayenmu ma suka ɗanɗana, ruwan sama ya kasa cika kogin, sai teku ta kutso ciki, rana kuma tana ƙafar da ruwan tana barin gishirin. Shi ya sa a tsakiyar rani ruwan Kaulaha ya fi na teku zartsi.

Mun saba gane fari da busasshen gero da mushen dabbobi. A Salum kuwa ga ruwa iya ganin ido, amma ba ya shayuwa. Mun wuce filayen da a da ake noma shinkafa, yanzu gishiri ya cinye su, ko ciyawa babu. Rijiyoyi da dama a tsibiran sun yi zartsi. A 1987 igiyar ruwa ta fasa zirin yashin Sangomar da ke kare bakin kogin, teku ta ƙara samun ƙofa.

To, me gobe za ta haifar? Masana ba sa auna haɗarin da yawan ruwan sama kaɗai. Damina ta ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, amma zafi yana ƙaruwa, ƙafewar ruwa tana ƙaruwa tare da shi, teku kuma tana tasowa da 'yan milimitoci kowace shekara. Saboda haka fari mai irin girman na 1984, in ya dawo, zai tarar da ƙasar da gishiri ya riga ya raunana, ɓarnarsa kuma za ta fi ta farko.

Mutanen tsibiran ba su naɗe hannu ba. Mun ga inda suka sake dasa itatuwan nan masu tsira cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe gaɓa, kifi kuma ke hayayyafa a cikinsu. Mun ga ƙananan madatsai na tare zartsi, da kwatarniyoyin tara ruwan sama.

Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar Kaulaha, ya ɗan leƙa kogin. Mu dai tun dawowarmu muke taka-tsantsan da ruwan buta in za mu yi alwala. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.