Guci: kiɗan da ba a gada ba

Duk wanda ya bar Damagaram ya nausa kudu maso gabas zuwa ƙasar Guci, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Icce ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: da damina ya kaɗe ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi kore shar ya ba bisashe inuwa da abinci. A ƙarƙashinsa ake noman hatsi da dawa da wake da gujiya. Guci ƙaramar hukuma ce ta karkara a jahar Damagaram. Da can tana cikin gundumar Magarya, sai a shekara ta 2011 aka yanke Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Guci ta faɗa a ciki. Iyakar Najeriya ba nisa, shi ya sa a kasuwannin yankin ake ciniki da sefa da naira, kuma kayan Kano kan riga na Yamai isowa.

Cikin kayan da ke tsallako iyaka akwai wanda duwan ba ta iya tarewa, wato waƙa. A rumfar mai shayi, a tashar mota, a cikin salular matasa, waƙoƙin finafinan Kano ne ke tashi, waɗanda aka fi sani da kiɗan fiyano. Yaron Guci ɗan shekara shida ya san wannan amo sarai, yana iya bin sa da baki, amma da wuya a ce ya taɓa ɗora yatsa a kan abin da ke fid da shi. Yana jin kiɗan zamaninsa kamar yadda yake ganin jirgin sama: daga nesa.

Ba wai ƙasar ta rasa makarantar kiɗa ba. Idan farin wata ya fito, dandali ne ajin: yarinya ɗaya ta ba da waƙar gaɗa, saura su amsa da tafi, ƙarama ta kwaikwayi babba har ta ƙware. Sai dai makarantar baki da tafi ce. Kayan kiɗa kuwa gado ne. Kalangu yana da gidansa tare da mahauta, gangar noma tana da nata, kakaki da algaita da tambari na fada ne. Ɗan malami ko ɗan attajiri da ya rataya ganga, kafin gari ya waye an ce ya koma roƙo. Su kuma ƴaƴan makaɗa da yawa sun tafi cin rani ko sun kama wata sana'a. Ƙofa ɗaya a rufe, ɗaya tana rufuwa.

A nan ne fiyano yake da wata daraja da ba a cika lura da ita ba: babu gidan da ya gaje shi. Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekara ta 1700. A ƙasar Hausa baƙo ne, ba a san shi da ubangida ba, ba a san shi da bara ba. Ɗan sarki da ɗan maƙeri suna iya zama gabansa a benci ɗaya, ba mai cewa wani ya zubar da girman gidansu.

Kuma baƙon yana jin harshenmu. Babban fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Baƙaƙen a jere suke bibbiyu da uku-uku, kuma su kaɗai suna ba da tsani mai matakai biyar, irin wanda waƙoƙinmu na gargajiya da dama suke hawa a kai. Malaman ƙananan yara sukan fara daga nan, domin ido ya fi saurin gane su. Ke nan yaro yana iya laluben waƙar da yake ji a bakin kakarsa tun kafin ya san do, re, mi.

Yadda ake koyar da ƙananan yara a taro ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san dandali. Yara shida ko takwas, ƴan shekara biyar zuwa bakwai, darasin da bai kai awa guda ba. A fara da tafi da taka ƙafa don kama kari. Malami ya rera gajeren layi, yara su amsa. Sannan a je ga maɓallai, yara biyu a kan fiyano ɗaya, ana kiran yatsu da lamba, babban yatsa ɗaya, ƙaramin biyar. Karatun alamomin kiɗa sai daga baya, kamar yadda yaro ke magana kafin ya san baƙi da wasali. A Japan, kamfanin Yamaha ya buɗe irin wannan aji na ƙananan yara a Tokyo tun 1954. Amfanin taro shi ne yaro yana koyon jiran lokacinsa, da sauraren ɗan'uwansa, kuma mai kunya yana ɓuya cikin amshi har ya sami ƙarfin zuciya.

Wani zai ce baƙon zai kori ɗan gida. Tarihin ƙasarmu ya ba da amsa. A 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa da wani kayan kiɗan lantarki mai maɓallai, ƙirar Italiya, ya ɗauki kiɗan da ya tsamo daga waƙoƙin gargajiyar Nijar. Shekaru ana jin sa a rediyo da talabijin, har aka sake fitar da shi a Amurka a 2013. A Yamai, cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, da aka buɗe a 1989, ta haɗa kayan zamani da na gargajiya a inuwa ɗaya. Abin da ke kashe kiɗa shi ne rashin magaji. Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar a wannan jaha tamu, malamin lakwal ne kafin ya shahara da gurmi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe na biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Da ya yi jinkiri, da biram ya bi mai shi kabari. Malam Barka ya rasu a 2018. Take nawa ne na noma da na farauta suke cikin wannan hali a ƙauyukan Guci da Magarya?

Ba babban fiyano na katako ake bukata ba. Nauyinsa ya wuce kima, kuma bushewar hunturu da ƙura za su lalata shi. Ƙaramin na lantarki mai maɓallai 61 yana aiki da batir ko da faifan hasken rana, kuɗinsa bai kai na babur ba, zane ɗaya ya isa ya rufe shi. Abin da ya fi wuya shi ne malami, da yardar iyaye. Iyaye kuwa suna da gaskiya idan suka tambayi abin da za a rera, da lokacin da za a yi, don kada darasi ya ci karo da makarantar allo ko aikin gona. A yi shi da rana, a farfajiyar lakwal, ƙofa a buɗe. A gayyato tsohon makaɗin gari ya ba da take, mushe ya nemo shi a kan maɓallai, yara su ɗauka.

Ya ku ƴan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram, da ku ma'aikata ƴan asalin yankin da ke Yamai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Fiyano huɗu da horon malami ɗaya ba su fi ƙarfinku ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tsofaffin da suka riƙe taken ƙasar ba za su jira mu har abada ba.