Soron kakanmu a gefen tudu

Ni ne na dage a cire azarar soron kakanmu da ke gefen tudu a ƙasar Rijau, a zuba masa rufin kankare. Tsohon maginin da ya saba yi masa yaɓe ya ce, "Malam, rabin ginin nan a kan falalen dutse yake, rabi a kan ciko. In ka ɗora masa nauyi, kowane ɓangare nasa wuri zai kama." Na ce, "Haba Baba, dutse ai ba ya motsi, kuma ƙasarmu ba ta girgiza." Lokacin ina ji da bokona.

Ba a je ko'ina ba, bangon da ke fuskantar gangare ya tsage har hannu na shiga. Ruwan sama kaɗai ya yi wannan aikin. Duk da haka na ɗora laifin a kan siminti, na ƙi sauka daga kan bakana.

Girgizar ƙasar Maroko ta 8 ga Satumba, 2023 ce ta kashe mini baki. Ƙarfinta 6.8, ta auka wa tsaunukan Atlas, ta hallaka kusan mutum 3,000, akasari a ƙauyukan da aka gina da laka da dutse a jikin tsauni. Masallacin Tinmel, wanda daular Muwahhidun ta gina a ƙarni na 12, ya zube sai kaɗan. Dalilan da masana ke bayarwa kusan maganar Baba ce. Tudu yakan tattara girgiza ya ƙara mata ƙarfi wajen ƙololuwa. Ciko yana zamewa alhali dutse na riƙe da ɗaya gefen, sai ginin ya murɗe. Ga rufi mai nauyi a kan bangon laka, wanda ba ya jure ja. Duwatsun da suka gangaro kuma sun toshe wa masu ceto hanya.

Zancena na cewa ƙasarmu ba ta girgiza ma bai tsaya ba. Ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, dukansu wurare masu duwatsu.

Na je har gida na ba Baba haƙuri. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, sai dai bai rage mini ko sisi ba a kuɗin fasa kankaren da mayar da azara, kuma daga aljihuna aka biya.