Na Yanke Wa Zuciyar Da Ban Gani Ba Hukunci

A danginmu ni ake nema idan tambayar addini ta taso. Na ɗan zauna gaban malamai a zaure, na karanta littattafan tauhidi kaɗan, kuma ba na gajiya da magana. Wannan matsayi ya hau mini kai, har na daina rarrabewa tsakanin amsa tambaya da kayar da mai tambaya.

Ɗan yayata yana karatun falsafa a jami'a. Da ya zo hutu, mahaifiyarsa ta aiko mini cewa yaron ya cika shiru, in zauna da shi. Bayan sallar isha'i muna kan tabarma a ƙofar gida tare da wasu abokaina, sai ya ce, "Kawu, akwai abin da muka karanta da ya hana ni sukuni."

Hujjar wani masanin falsafa ce ɗan ƙasar Kanada, J. L. Schellenberg, wanda ya wallafa littafi a 1993 kan ɓoyuwar Ubangiji. A cewarsa, in akwai Allah mai cikakkiyar ƙauna, ba zai bar wanda bai bijire masa ba ya kasa sanin yana nan. Amma ga mutane a duniya da suka rasa imani alhali ba su da taurin kai, wasunsu ma nema suke yi da gaske. Daga nan ya yanke cewa babu irin wannan Allah. Yaron ya kawo misalin da mutumin ya bayar: yaro ya ɓace a daji yana ta kiran uwarsa, wace uwa ce za ta ji shi ta yi shiru?

Ban bari ya dire ba. Na nuna masa sama da taurari, na jero hujjar tsarin halitta, na ce duk abin da ke da farko sai da mai fararwa. Ya ce a hankali, "Kawu, ba wannan nake tambaya ba." Abokaina suna ta gyaɗa mini kai, ni kuwa na ƙara ɗaga murya. Sai na ce, "Babu mai neman Allah da gaske ya rasa shi. Duk wanda ka ji yana irin wannan magana, salla ce ta yi masa nauyi, yana neman mafita." Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ƙara sani, Kawu," ya ɗauki takalmansa ya shige. Na kwanta ina ganin na kare addini.

Bayan ya koma makaranta na leƙa gidansu. Yaya tana zaune tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, me ka gaya wa yaron nan?" Ta ce tun zuwansa, duk sanda ta farka cikin dare sai ta ji shi kan sallaya yana kuka ƙasa-ƙasa, yana roƙon Allah ya dawo masa da yaƙini. "Daga ranar da kuka zauna, bai sake tambayar kowa komai ba."

Jikina ya yi sanyi, na kasa haɗiye shayin da ke bakina. Wanda na ce salla ta yi masa nauyi ya fi ni tsayuwar dare. Sai a lokacin na gane yaron da ya ɓace a daji: kansa yake nufi. Kunya ce ta hana shi cewa "ni", shi ya sa ya ari bakin Bature. Ya zo mini da ciwo, na ɗauke shi abokin muƙabala, na kuma tozarta shi gaban baƙi don a ce na iya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san abin da ya kamata in faɗa. Na san Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu domin zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Na san hadisin da Muslim ya ruwaito, inda sahabbai suka koka da tunanin da suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah (SAW) bai kore su ba, ya shaida musu cewa wannan ƙyamar tasu alamar imani ce. Na san Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka kafin Allah ya yaye masa.

Ita ma hujjar Schellenberg tana da amsoshi da za mu iya tattaunawa. John Hick, masani ɗan Ingila, yana ganin sai da 'yar tazara ɗan Adam zai zaɓi imani bisa raɗin kansa. Malaman tauhidi suna koyar da cewa ba a auna siffofin Allah da na halittu, don haka abin da ƙaunar uwa ta tilasta mata ba a ɗora shi kai tsaye a kan Ubangiji. Schellenberg yana da martani, muhawarar kuma ba ta ƙare ba. Amma duk wannan magana ce a kan hujja. Ni na bar hujjar, na afka wa niyyarsa, wadda Allah kaɗai ya san ta.

Na kira shi na nemi gafara. Ya ce, "Ba komai, Kawu." Muna gaisawa lafiya, amma har yau bai sake kawo mini tambaya ba.

Har gobe ban yarda da Schellenberg ba. Amma kai mai karatu, ranar da ɗanka ko ɗalibinka ya zo da irin wannan tambaya, janye shi daga cikin mutane, ka bar shi ya gama magana, sannan ka tambaye shi tun yaushe abin yake damunsa. In ba ka da amsa, ka ce ba ka da ita, ku je wurin wanda ya fi ku sani. Kada ka yanke wa zuciyarsa hukunci, domin ba a nuna maka ita ba.